Ragin Rigar Baba

Shekara goma sha tara ke nan ina taka keken ɗinki a cikin garin Kaura, kuma in aka cire sallama, babu maganar da aka fi faɗa mini a ɗakin nan kamar "a rage". A rage mini hannu. A rage tsawo, tana jan ƙasa. A rage ƙugun nan, ta yi mini kamar buhu. Mace za ta shigo da riga a leda, ta dire mini a kan keke, ta ce a ɗan rage, ta juya za ta fita, sai ka ce ruwa ta ce in ɗebo mata a randa. Ni kuwa sai in tsayar da ita. Ina za a rage? Inci nawa? Domin ragi iri-iri ne, wanda bai san aikin ba ne yake ganinsu ɗaya. In tsawo ne ya yi yawa, kalmashewa ake yi daga ƙasa. In faɗi ne, tsukewa ake yi, a bi gefe da gefe tun daga hammata har ƙasa. In wuya ne ya buɗe da yawa, to sai haƙuri, wuya ba ya raguwa sai an ɓata rigar.

Matar da ta koya mini ɗinki, Allah ya jiƙanta, tsohuwa ce mai saurin hannu, kuma dokarta ɗaya ce: ba a ragi da almakashi. Abin da ya yi yawa, a ninke shi ta ciki, a bi shi da ɗinki, a kwantar da shi da dutsen guga. Dalilinta shi ne jiki ba ya zama wuri ɗaya. Mace ta haihu ta rame, bayan wata shida ta murmure. Mutum ya sha zazzaɓi ya zube, damina na wucewa ya cika. Ranar da jiki ya dawo sai a sa reza a farke ɗinkin, riga ta koma yadda take. Abin da aka rage yana nan, ɓoye shi aka yi, amma abin da aka yanke ya tafi ke nan. Ina yarinya na taɓa datse wa wata mai jego gefen riga, tsohuwar nan ta sauke mini katakon awo a bayan hannu, ta ce, "Wa yag gaya miki ba ta ƙara ƙiba? Gaibu kinka sani?" Tun daga ranar na riƙe dokar nan da hannu biyu, har na zama mai yi wa telolin kasuwa gori da ita, masu son yanka don aiki ya yi sauri.

Ni telar mata ce, amma kayan mahaifina ni nake ɗinkawa tun da hannuna ya faɗa. Aikin wuya kawai nake aikawa kasuwa a yi. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, gero da dawa da wake, kuma ƙato ne na gaske. In ya tsaya a ƙofar zaure sai ya toshe hasken. Yadin da ke isar wani kaftani da wando har a samu canji, shi sai na ƙara masa. Yana da shekara sittin da ɗoriya yana cicciɓar buhun gero shi kaɗai in 'yan dako sun tsaya yi masa yanga. Ban taɓa sa masa tef a jiki ba, wace ɗiya ce za ta zagaya ƙirjin ubanta da abin awo? Tsohuwar rigarsa nake shimfiɗawa in auna, kamar yadda kowace mace ke yi in za ta yi wa namijin da take jin nauyinsa ɗinki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata".

Wata Alhamis ya kama hanyar kasuwar Shinkafi kamar yadda ya saba. An wuce Moriki kaɗan aka tare motarsu da rana tsaka, aka kora su daji. Abin da muka sha kafin a sako shi ba shi na zauna rubutawa ba, kuma babu gidan da ke tsakanin Kaura da Shinkafi da Zurmi da zai buƙaci in yi masa bayani. Wata uku da kwana tara ya yi a hannun azzaluman nan. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, mazaunin Zurmi, shi ya shiga ya fita, shi ya je ya ɗauko shi.

Da hantsi suka iso a kan babur, mai tuƙi a gaba, Baffa a baya, ya rungume wani tsoho a tsakiya kada ya faɗi. Wallahi ina tsaye a ƙofar gida ina leƙen bayansu ina neman Baba. Sai da tsohon nan ya ɗaga ido ya ce, "Uwata," sannan na gane shi. Wuyansa ya zama siriri, kafaɗun nan da nake ƙara wa yadi sun zube, idanunsa sun faɗa ciki. Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe bango. Baffa ne ya shiga da shi banɗaki ya yi masa wanka, ya daɗe a ciki, da ya fito kuwa idanunsa jawur.

Sai 'yan barka suka fara cika gida, kuma a nan na fara sanin cewa baki ma makami ne. Wannan ya ce Alhaji an ɗan faɗa. Wancan ya ce ai jiki ne, zai dawo. Wani abokin kasuwarsa, mai tumbi kamar tulu, ya zauna a kan tabarmarmu, ya sha furarmu, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "To Alhaji, masu kuɗi asibiti suke zuwa a rage musu teɓa, kai ga shi an rage maka kyauta." Wai shi barkwanci ya yi don a saki rai. Ina bayan labule na ji shi, kuma ba don Inna ta damƙe mini hannu ba, da na fito na juye masa sauran furar a ka. Kyauta! Mutum ya sha abin da Allah kaɗai ya sani, a zo har ɗakinsa a ce an rage masa teɓa. Baba ya yi murmushi don kara, amma daga ranar ya ce in baƙi sun zo a ce yana hutawa.

Ƙafafunsa sun warware a hankali, har yana zagaya tsakar gida da kansa. Amma zaure ya gagare shi, balle waje. Mutumin da tun tasowata ban ga Juma'a ta wuce shi ba, sai ga shi ana kiran salla yana zaune a ɗaki da 'yar shara, yana jin huɗuba ta lasifika yana sunkuyar da kai. Juma'ar farko muka ce jiki ne. Ta biyu Inna ta ɗauko masa farar shaddarsa, wadda na ɗinka masa da Sallar da ta wuce, ya zura, ya tsaya. Kafaɗar rigar ta sauko masa har damtse, hannun ya rufe yatsunsa, wandon kuwa ya ja mazagi har ƙarshe yana zamewa. Kamar an rataya riga a ƙusa. Ya dubi kansa, ya tuɓe, ya koma ya zauna. Ya ce wa Inna ba zai shiga sahu mutane suna kallonsa suna girgiza kai ba.

Na san in mutumin nan bai fita ba, ɗakin nan ne zai ƙarasa abin da 'yan daji suka fara. Kullum ƙara shiru yake yi. Don haka na ce wannan ai aikina ne, in ban yi wa ubana ba wa zan yi wa? Na kwashi kaftani huɗu, har da farar shaddar, na tafi da su gidana. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, da ido na ƙiyasta abin da ya zube. Inci huɗu na tsuke kowane gefe, ban taɓa yi wa wani mahaluki ragi mai yawan wannan ba. Na ɗage kafaɗa, na kalmashe hannu. Duk yadin nan na ninke shi ta ciki, na bi shi da ɗinki, na danne da guga har ya kwanta. Ko zare ɗaya ban yanke ba. Ina ɗinki ina ce wa kaina, kafin kaka zan farke wannan da hannuna, kowa ya gani.

A gefe guda kuma na tasa shi gaba da abinci. Fura da nono mai kauri da safe, farfesun kan rago, ƙwai, kunun gyaɗa, duk abin da aka ce yana sa jiki. Kullum na shigo da kwano sai in saci kallon wuyansa da kafaɗunsa in ga ko an samu ƙari. Ya ci loma uku ya ture, in ce Baba a ƙara, ya ƙara ɗaya don ni.

Ranar da na kawo kayan ya sa riga ɗaya mai ruwan toka a gabana. Daga waje ta zauna daidai, har Inna ta ce masha Allah. Ya ce, "Allah shi yi miki albarka, Uwata." Ya zauna da ita a tsakar gida kamar rabin awa, a tsakiyar bazara, zufa na keto masa, yana ta gyara zama. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da 'yar shararsa. Juma'a ta zo ta wuce bai fita ba. Na ce a raina zuciya ce ba ta kwanta ba tukuna, a ba shi lokaci.

Ana cikin haka Baffa ya zo daga Zurmi ya kwana biyu ya koma. Ban san ya tafi da komai ba. Bayan mako guda ina tsakar gidanmu ina tace kunu, ga Inna, ga maƙwabta mata biyu, sai ga shi ya yi sallama da ƙullin kaya a hammata da baƙar leda a hannu. Ya kwance ƙullin, kaftanin Baba guda biyar, waɗanda na bari a akwati. Ina ɗaga rigar farko na ji ta shafal a hannuna. Na juya cikinta. Babu ninki. An bi gefen da almakashi, an yi siririn ɗinki an kwantar. Na buɗe ledar, sai ga ƙyallayen, dogaye dogaye, telan ya haɗo su kamar yadda ake mayar wa mai kaya saurarsa. Yadin da na zaɓa da kaina, na ɗinka da hannuna, ga shi nan a leda kamar tsumman goge keke.

Zuciya ta ɗebe ni, kuma ni dama bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci.

Na ce, "Baffa, wa yay yi wanga aiki?"

Ya ce wani tela ne abokinsa a kasuwar Zurmi.

Na ce, "Tela ko mahauci? Ina cikin garin ga da raina, da kekena, a ɗauki kayan ubana a kai ma wani ya yayyanka? Ku kun gama yanke mishi hukunci ke nan, ba ya ƙara komawa yadda yake? Mutum na da ransa kun hidda tsammani!"

Ya ce, "Ɗiyata, bi a hankali, ba ki san..."

Na ce, "Mi ne ban sani ba? Ɗinki za ka koya mini? Likkafani kawai ya rage ku yanka mishi, sai ku huta!"

Inna ta ce, "Ke! Ubanki ne fa." Na ce ubana yana ɗaki, wannan ban san shi ba. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, a gaban maƙwabta, da murya har waje. Mutumin da ya sa ransa a hannu ya shiga dajin da ko jami'an tsaro ba sa son shiga, ya goyo mini uba ya kawo, shi na yi wa wankin babban bargo a kan ƙyalle. Baffa bai rama ba. Ya dubi ƙofar ɗakin Baba, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Ya sa takalmansa ya ce bari ya kama hanya kafin la'asar, don bayan la'asar babu direban da ke yarda ya bi hanyar Zurmi. Ko ruwa bai sha ba.

Ni kuma na tattara kaftani biyar ɗin nan da ledar ƙyallayen na yi gidana da su. Na rantse Baba ba zai sa su ba sai na mayar da abin da aka yanke. Kwana da kwanaki ina fama, na ture ɗinkin mutane gefe, har wata amarya ta aiko sau uku. In jona wannan ƙyalle, ya ƙi haɗuwa. In farke in sake, shaddar ta tattare, sawun allura ya fito ɓaro-ɓaro. Na san ba ya yiwuwa, ni da nake faɗa wa mutane haka kullum, amma taurin kai ya hana ni ajiyewa. Ina taka keke ina tsine wa telan Zurmi da ban taɓa gani ba. Juma'a biyu suka ƙara wucewa Baba yana ɗaki, kuma yanzu ko tsakar gidan ma ya rage fitowa.

Wata Alhamis bayan azahar na kai masa farfesu. Na ajiye zan fita, ya ce, "Uwata, zauna." Ya ce wa Inna ita ma ta shigo ta saki labule. Na zauna a bakin tabarma.

Ya ce, "Ina rigunan da ƙanena yak kawo?"

Na ce suna wurina, gyara su nake yi, an ɓata su.

Ya ce, "Ba a ɓata su ba. Ni nib ba shi, ni nic ce a yanke."

Na ɗago na dube shi. Ya ce wa Inna ta miƙo mai ruwan tokar nan da na rage. Inna ta ciro ta daga ƙarƙashin katifa, ta juya cikinta ta shimfiɗa a gabana ba tare da ta kalle ni ba. A kan ninkin nan nawa, wanda na danne da guga ina alfahari, akwai tabo ruwan ƙasa tun daga hammata har wajen aljihu, gefe biyu. An wanke, an sake wankewa, bai fita ba. Na san tabon jini in na gan shi.

Kafin in yi magana Baba ya kama bakin 'yar shararsa ya ɗaga. Na kawar da kai, don tun da aka haife ni ban taɓa ganin jikin ubana ba. Ya ce, "A'a, duba. Kunyar ga ita tas sa munka kai haka." Na duba. Haƙarƙarinsa ana iya ƙirga su daga inda nake. A kansu, gefe da gefe har zuwa baya, sawun bulala ne a kan sawun bulala, wasu sun bushe sun yi baƙi, wasu sun tashi sun yi kauri, biyu ko uku kuwa har ranar ba su rufe ba. Daidai inda ninkina yake zama. Shadda ce mai tauri, na ninka ta ta zama ruɓi uku, na ɗora masa a kan ɗanyen miki a cikin zafin bazara, ya zauna rabin awa tana cin naman jikinsa, yana sa mini albarka.

Na ce, "Baba, don mi ba ka hwaɗa mini ba?"

Ya ce da wane baki zai faɗa. Ya ce Baffa ne kaɗai ya gani, ranar wanka, sai Inna, kuma shi ya hana su magana. Ya ce ya san ni, ya san ko ya roƙe ni ba zan yanke ba, shi ya sa ya ba ƙaninsa a ɓoye don kada raina ya ɓaci. Ya saki rigar, sannan ya ce, "Kullum kin shigo da kwano ina ganin idonki ga kahwaɗuna. Wani kike jira, Uwata. Wancan mutum da kike ɓoye ma yadi, sun riƙe shi can daji. Ni nid dawo. In za ki yi ɗunki, ki yi ma wanda yad dawo."

Rashin sani ya fi dare duhu. Ni da nake ganin ni kaɗai ce ban fid da tsammani ba, ashe ni ce nake tsaye a kansa kullum ina nuna masa bai cika ba. Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ba ranar da aka ɗauke shi. Kuma ba kukan nadama kaɗai ba ne, kada in yi ƙarya. Haushi ne ya cika mini ƙirji, na kaina, da na kunyar da ta hana mutum uku buɗe baki su gaya mini gaskiya, da na 'yan iskan da suka ɗaure dattijo mai furfura suna zane shi kamar jaki, da na duk wanda aka ɗora wa tsaron hanyar nan yana kwance a gidansa lafiya lau.

Baba ya bari na gama. Sannan ya ce, "Tef ɗinki na nan?" Yana wuyana, kullum a wuyana yake. Ya dafa bango ya miƙe, ya buɗe hannuwansa, ya ce, "Auna ni."

Na zagaya ƙirjinsa da tef, ina sassautawa kada ya taɓa mikin. Na auna kafaɗa, na auna hannu, na auna ƙugu. Awon da na samu shi ne wanda nake samu in an kawo mini ɗinkin 'yan makarantar sakandare. Ban rubuta a takarda ba, ba abin da zan manta ba ne.

Daga nan na ɗauki farar shaddar, na wuce gidana. Na sa reza na farke ninkin da na yi, na shimfiɗa ta a kan tabarma, ta buɗe da faɗinta na da, ta kusa cinye tabarmar. Na zauna ina kallonta na fi minti goma. Sannan na ja layi da alli, na yi bisimilla, na sa almakashi. Wanda bai taɓa yanka sabuwar shadda ba bai san ƙarar da take yi ba, ni kuwa ranar har cikin haƙorana na ji ta. Na yanke gefe biyu, na yanke kafaɗa, na datse hannu, na rage wandon tun daga ƙugu. Ɗinkin gefen na yi shi siriri, na tura shi baya kaɗan ya kauce wa mikin, na shimfiɗa masa farin yadi mai laushi ta ciki, irin wanda nake sa wa kayan jarirai. Kafin magariba na gama, na goge, na haɗa da kaftani biyar na telan Zurmi, waɗanda na cire musu jone-jonen haukata, na mayar gidanmu. Da na duba aikinsa da idon basira, mutumin ya iya ɗinki, Allah ya yafe mini tsinuwar da na yi masa.

Na kira Baffa a waya. Na shirya magana mai tsawo, amma yana ɗauka sai na kasa, na ce, "Baffa, ɗiyarka ce." Ya ce, "Na sani. Ya nuna miki?" Na ce ya nuna mini. Ya ce to shi ke nan, gobe in Allah ya kai mu da shi za a yi Juma'a a Kaura, in ajiye masa fura, tunda wancan zuwan ban ba shi ba.

Washegari tun kafin kiran farko ina gidan. Baffa ya iso da ƙurar hanya a gemunsa, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, ya ce in tashi kada in ɓata zanena. Muna tsakar gida aka ɗaga labule, Baba ya fito cikin farar shaddar, da hularsa da Inna ta cusa wa takarda ta ciki don kada ta faɗo masa kan ido. Ya taka a hankali har zaure, ya tsaya a bakin ƙofa, hasken rana na wucewa ta gefensa biyu. Ya ɗaga hannu ya sauke, ya juya kafaɗa, yana jiran ya ji inda za ta cije shi, bai ji ba. Ya waiwayo ya ce, "Uwata, ta zauna?"

Na ce, "Ta zauna, Baba."

Ya sa ƙafa waje, Baffa a gefensa, suka bi layi tare da masu tafiya masallaci. Na tsaya a zaure ina kallon bayansa, ɗan siririn tsoho cikin farar riga, har suka sha kwana. A shekara goma sha tara ban taɓa ɗinkin da ya zauna wa mutum kamar wannan ba, kuma ban taɓa tsanar aikin hannuna kamar ranar ba. Waɗanda suka sa na yanka wa ubana riga daidai jikin yaro, ban yafe musu ba, kuma ba zan yafe ba. Allah ya isa.